Furen da ya ƙi inuwa

Ba ni na ce a yi rumfar ba. Ina kwance a asibiti aka yi ta.

Sunana Zamani. Aikin reluwe ya kawo ni Minna daga Kafanchan. Layin dogo na yi ta gyarawa har ƙarfi ya ragu aka sallame ni. Gidana yana unguwar Sauka Kahuta, da hannuna na gina shi. Matata ta rasu. Ɗana Meshach ne ke zaune da ni, shi da matarsa Gift. Walda yake yi a bakin titi.

Furen kuwa 'yata Liyatu ce ta kawo mini daga Jos, inda take aure. Wasu busassun ƙwayoyi ne a leda, kamar 'yan ƙananan albasa. Ta ce sunansa iksiya, asalinsa daga Afirka ta Kudu. Ta ce, "Baba, ban san ko zai yi a nan ba. Zafin Minna ya yi masa yawa."

Da ba ta faɗi haka ba, da wataƙila har yau suna cikin ledar.

Da farko da damina na shuka, yadda ake shuka komai. Rabi suka ruɓe. Na tono sauran, na shanya, na binne su cikin busasshen yashi a wata tsohuwar tukunya, na tura ƙarƙashin gado. Sai da ruwa ya ɗauke, sanyi ya fara shigowa, na mayar da su ƙasa a tsakar gida, jikin katanga. Mutane na girbi, ni ina shuka. Ganye ya fito, siriri mai tsini. Fure babu. Zafi ya zo, ganyen ya bushe, na sake tonewa. Shekara ta juyo, haka aka sake yi.

Maƙwabcina Ndaliman, Banufe ɗan Bida, yakan leƙo ta saman katanga.

"Baba Reluwe, albasan nan naka, yaushe za mu ci?"

"Ranar da ka shuka naka."

Bana sai ga kara ya fito daga tsakiyar ganye, siriri kamar waya, da ƙulle-ƙullen fure a jere a kansa. Ban gaya wa kowa ba. Wata rana da tsakar rana na fito zan ba su ruwa, na tarar biyu sun buɗe. Ɗaya ja, ɗaya rawaya, kowanne da baƙin ɗigo a tsakiya kamar ido. Da yamma suka rufe. Na ɗauka sun mutu. Washegari da safe suna rufe, da rana ta hau kansu suka sake buɗewa. Nan na gane halinsu. Sai rana ta doke su suke nuna fuska.

Na tsaya ina kallo. Na daɗe, ban sa hula ba. Abin da na sani bayan nan, ina kan gadon asibiti da allura a hannu.

Likita ya ce hawan jini ne. Ya ce in daina tsayawa a rana. Yaro ne, bai san inda na yi aiki ba.

Da aka dawo da ni gida, na shiga ƙofa na ga duhu. Meshach ya rufe tsakar gidan gaba ɗaya da kwano, daga ɗakina har katanga, a kan ginshiƙan ƙarfe. Har fenti ya yi musu.

"Baba, ka gani? Yanzu duk inda ka zauna inuwa ce."

Aikin ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Na wuce ɗaki.

Ranar furen bai buɗe ba. Washegari ma haka. Na ƙasan karan suka fara yanƙwanewa a rufe, ba su taɓa ganin rana ba. Ga zafi yana matsowa. Idan ya iso, an gama sai baɗi, kuma ban san ko ina nan baɗi ba.

Da safe Meshach na shan shayi na ce, "Cire kwanon da ke bisa furen."

"Baba, likita ya ce..."

"Likita ne ya gina gidan?"

"Fure ne fa, Baba. Zan sayo maka na roba a kasuwa, kala-kala. Shi ba ya buƙatar rana, ba ya mutuwa."

"Ka ajiye shi. Ka sa mini a kabari."

Ya ajiye kofin, ya hau mashin ya tafi shago.

Da rana ta kusa tsaka na je gidan Ndaliman na ce ya ara mini tsani.

"Me za ka yi da tsani?"

"Hawa."

"Idan ka faɗo, ni ban san ka ba." Amma shi ya ɗauko shi a kafaɗa har gidana, shi ya jingina shi, shi ya riƙe ƙafarsa.

Na soke guduma a ɗamara na hau. Gift ta fito daga kicin da ludayi a hannu.

"Baba, don Allah. Baba, sauko ka ci abinci tukuna."

"Koma ki duba miyarki."

Ba ta koma ba. Na ji tana waya.

Kwanon ya yi zafi, yana ƙona hannu. Na cire ƙusa ɗaya. Ta biyu ta ƙi. Ina fama da ita na ji ƙarar mashin ɗin Meshach a ƙofa.

"Baba, sauko."

"Ina aiki."

"Idan ka faɗo, me zan gaya wa Liyatu?"

"Ka gaya mata furen ya yi a Minna."

Ndaliman ya yi dariya, ya haɗiye ta.

Na ce, "Ka tambaye ni kafin ka rufe mini sama?"

"In tambayi wa? Kana kwance." Muryarsa ta sauya. "Ni na ɗauke ka daga ƙasa, Baba, nan wurin. Ina kiran ka, kana kallo na, ba ka gane ni ba."

Na dube shi daga sama. Ban san haka aka yi ba, ba wanda ya gaya mini. Yana tsaye da gilashin walda a goshi, hannunsa duk baƙi.

Na ce, "Na ji. Amma ban mutu ba. Ranar da na mutu ka rufe abin da kake so."

Can ya ce, "To sauko, ni zan cire."

"Fara cirewa in gani."

"Tsanin ɗaya ne, Baba."

Wannan karon Ndaliman bai haɗiye dariyar ba. Na sauko. Ƙafata na rawa tun daga sama, tsanin ma na rawa da ita. Ndaliman ne ke riƙe da shi, ya ji a hannunsa. Bai gaya wa kowa ba, har yau.

Meshach ya karɓi gudumar ya hau. Ya ɓare kwano ɗaya ya miƙo. Na ce, "Da na kusa da shi." Ya ɓare. Rana ta zubo kan furen.

Gift ta kawo kujerata ta ajiye can cikin inuwa, kusa da ƙofar ɗaki. Na jawo ta har bakin hasken. Ta koma ta ɗauko malafata. Na karɓa na sa, ai tawa ce.

Muka jira. Ba a take suke buɗewa ba. Ndaliman ya ce sun yi fushi. Meshach ya ce yana da aiki a shago, amma bai tafi ba. Sai furen saman nan ya fara sakin baki, ja. Na kusa da shi ya biyo, fari, wanda ban taɓa gani ba. Kafin Gift ta sauke tukunya duk jikin katangar ya cika, iska na kaɗa su a kan karansu.

Ndaliman ya sunkuya ya daɗe. "To," in ji shi, "ba a ci dai."

Meshach ya durƙusa ya ciro waya zai ɗauka wa Liyatu hoto.

"Inuwarka na kansu. Matsa."

Ya matsa.

Na ce, "Kwanon nan biyu, kada ka kai su shago. Da damina ka mayar. Wurin ba ya son ruwa."

"To, Baba."

Na miƙe ƙafafuna cikin ranar. Ya gani. Ya buɗe baki, na dube shi, ya ci gaba da ɗaukar hotonsa.