Baƙin Mai a Motar Ɗan Fari

Tun da aka haifi Muhyiddeen, bakin Malam Mamman bai taɓa furta sunansa ba. Ɗan fari ne, kuma a ƙauyensu na can wajen Ringim uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya yaba masa, balle ya zauna hira da shi. Sai dai "yaron nan". Yaron nan kuwa har ya tara gemu, yana aiki a wani kamfanin roba a Sharada, amma yana nan a yaron nan. Uwarsa Rakiya ta daɗe da yar da tata kunyar, ta ce ba za ta sha wuyar naƙuda sannan ta koma kiran ɗanta wane ba. Ita ce ta zama gada a gidan, saƙon uba da na ɗa duk ta kanta suke bi, ko da kuwa suna zaune a tsakar gida ɗaya.

Malam Mamman ya ƙarar da ƙuruciyarsa a ƙarƙashin manyan motoci a Bompai, yana gyaran sifirin, ƙarafan nan masu lotsawa da suke ɗauke da nauyin mota. Direba ya zo da tirela ta zauna saboda lodi, shi kuma ya ƙara mata falle ɗaya ko biyu har ta miƙe. A wurinsa mota mai lafiya ita ce wadda ta ɗaga gindi ta tsaya ƙyam. Da aka sayar da filin garejin aka gina sito, ga ciwon baya ya sa shi gaba, sai ya dawo gida ya zauna da rediyonsa da akwatin sufanu da ba wanda yake tambaya.

Shi kuma Muhyiddeen sai ya ɗauko wata sabga: motar tsere ta rimot, tsawonta bai fi kamu ɗaya ba, da tayoyi masu ƙuraje don gudu a turɓaya da tsallake tudu. Maƙwabta suna dariya, wai gardi da wasan yara. Malam Mamman yakan taya su dariyar a majalisa, amma da la'asar, idan yaron ya shimfiɗa tabarma ya baje ƙananan notuna, sai ka ga tsoho ya jawo kujerarsa kusa, wai nan ne rediyo ta fi kamawa. Wannan zaman shi ne duk abin da yake da shi na ɗansa, kuma yana sonsa fiye da yadda bakinsa zai iya faɗa.

Abu ɗaya ne yake ci masa rai. Kowace ƙafar motar tana da shok mai shanye girgiza, kamar ɗan yatsa, da sifiri a nannaɗe, da wani farin mai a ciki. Muhyiddeen zai danna motar da hannu, ta lotsa har cikinta ya kusa taɓa tabarma, ta ɗago a hankali, kuma ba ta gama miƙewa. Sai ya gyaɗa kai, wai ta yi. Malam Mamman ya ji kamar ya yi ihu. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima: wannan sifirin ya mutu, an cuci yaro an sayar masa da gajiyayyen kaya. Kalma ɗaya da ya tambaya, da an gaya masa da gangan ake barinta da laushi don tayoyi su riƙa lasar ƙasa, ta shanye tsalle idan ta diro. To amma ina uba zai buɗe baki ya tambayi ɗan fari?

Ranar wata Alhamis Muhyiddeen ya tsaya a bakin kicin, ya ɗaga murya yadda za ta kai inda ya nufa.

"Umma, ranar Lahadi akwai babbar gasa a Challawa, har 'yan Kaduna za su zo. Da Baba zai samu sarari, da mun tafi tare."

"Malam, ka ji," in ji Rakiya tana murmushi.

"Ki ce masa za mu gani."

Za mu gani! Mutumin da tun kafin magariba ya sa aka ɗauko masa farar rigarsa aka kai wa mai guga.

Ranar Asabar da hantsi, yaron yana wurin aiki, Malam Mamman ya fito da motar daga akwatinta. Ba zai bari ɗansa ya shiga gaban baƙi da mota mai jan ciki ba. Ya kwance shok ɗin ɗaya bayan ɗaya da yatsun da suka saba da notin tirela, ya zubar da farin man nan da ya ga kamar ruwa, ya ɗura baƙin mai mai kauri irin na injin babbar mota. Ya cusa washa, 'yar zoben ƙarfen nan, a ƙarƙashin kowane sifiri har ya ƙage. Da ya dire ta, sai ta tsaya cak a kan ƙafafunta, ya danna ta ƙi lotsawa.

"Malam, anya ba za ka jira shi ba?" Rakiya ta tambaya.

"Tun ba a haife shi ba nake wannan aikin. Kuma kada ki gaya masa."

Ya goge ta tas ya mayar akwati. Rabonsa da jin daɗi irin na ranar tun yana Bompai.

Aikin kamfani ya riƙe Muhyiddeen har safiyar Lahadi. Ya shigo a gurguje ya watsa ruwa, ya suri akwatin ko buɗewa bai yi ba, suka tari a-daidaita-sahu. Filin yana bayan wani kamfanin fata da ya daɗe a rufe, samari sun tara ƙasa sun yi tuddai da kwanoni, sun jera tsofaffin tayoyi a gefe. Suna isa ana kiran sunan Muhyiddeen.

Muhyiddeen ya durƙusa a layi ya ajiye motar, sai hannunsa ya tsaya. Ya danna ta. Ya shafa gindin shok ɗaya, ya kai yatsa hanci. Sannan ya waiwayo. Malam Mamman yana tsaye cikin farar riga, hannu a baya, ya kawar da kai yana kallon katangar kamfani, amma fuskarsa ta kasa ɓoye murna. Yaron ya daɗe yana kallonsa. Yana iya ɗauke motar ya ce ya fasa, ba wanda zai hana shi. Sai ya miƙe, ya riƙe rimot da hannu biyu.

Aka saki motoci. A miƙaƙƙiyar hanya tasa ta tafi da kyau, har tsohon ya ce "Yawwa!" a fili bai sani ba. Da ta shiga gargada sai ta fara tsalle-tsalle kamar ɗan akuya, tayoyi ba sa zama a ƙasa. A tudun farko ta tashi sama, ta diro a sandare, ta wuntsila, ta sake wuntsilawa ta daki tayar da ke gefen fili. Ƙafar gaba ta ɓalle ta yi nata wuri.

Garba, abokin Muhyiddeen da suke aiki tare, shi ya ruga ya ɗauko ta. Baƙin mai yana bin yatsunsa. Ya shinshina ya kwashe da dariya.

"Kai jama'a, ku zo ku ga gyaran gangar auzinawa! Baƙin mai a shok, har da washa! Wane jahili ne ya taɓa maka mota, Muhyi? Ya ɗauka tifa ce?"

"Ni ne," in ji Muhyiddeen, bai ɗaga kai ba. "Gwaji na yi."

Suka yi masa ca, har 'yan Kaduna. Ya tsaya ya shanye, yana tsince gutsattsarin roba daga turɓaya. Malam Mamman yana jin komai. Ya buɗe baki, amma me zai ce, kuma da wane suna zai kira wanda yake son karewa? Kalmar jahili ba ta yi masa ciwo ba kamar wannan "ni ne". Ashe yaron ya sani tun a layi, ya zaɓi motarsa ta karye a kan ya kunyata ubansa. A hanyar dawowa suna zaune kafaɗa da kafaɗa a cikin keke, akwatin a cinyar yaron, har suka isa gida.

Da yamma ya ji Muhyiddeen a bakin kicin, wannan karon murya ƙasa-ƙasa.

"Umma, zan mayar da kayan nan gidan su Garba. Can akwai tebur."

Rakiya ba ta ce "Malam, ka ji" ba. Ai ya ji.

Sai da aka yi makonni kafin sabuwar ƙafar ta iso. Ranar Lahadin da Malam Mamman ya tsinci labarin an koma fili, tun da sassafe ya sa farar rigarsa ya zauna a zaure, wai iska yake sha. Muhyiddeen ya fito, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe shi kamar kullum, cikin ladabin da ba inda za a kushe. Ya dubi rigar, ya sunkuyar da kai.

"Baba, yau rana za ta yi zafi, ga ciwon bayanku. Ku huta a gida."

"To," in ji Malam Mamman. "Allah ya kiyaye hanya."

Yana nan zaune a zauren har aka kira azahar.