Kitson da Aka Ce Kar a Taɓa

Shekara uku ina roƙon ƙanena Maharazu ya kawo mini 'yarsa Gimbiya ta yi hutun lakwal, wato makaranta, a ƙauyenmu da ke gefen Kwaya. Shi dai ba ya musu. Matarsa Nafisa ce ke noƙewa. Ma'aikaciyar gwamnati ce a Magaria, kuma a ganinta duk abin da ke cizo a duniya a ƙauye aka haife shi. Ni kuwa ban taɓa haihuwa ba, mijina ya rasu, daga ni sai awaki bakwai. Ba na jin kunyar faɗa, muryar yarinyar nan nake so in ji a tsakar gidana.

Bana da damina aka kawo ta. Shekararta shida, an cika mata kai da ƙananan kitso, an jera duwatsun ado a bakin kowane. Kafin Nafisa ta hau bayan moto, wato babur ɗin mijinta, sai da ta ja ni gefe.

"Yaya Zulai, don Allah kar a taɓa mata kai har ta dawo. Ko wanki kar a yi, ɗankwali kullum. Ba na son ta kwaso mana kwarkwata."

Na ji zafin maganar, amma na haɗiye, na ce to. Na san wannan hutun gwaji ne. In yarinyar ta koma da ko ƙwarzane, ni da ganinta sai dai ranar salla.

A bayan garinmu akwai tuddan yashi, da damina ciyawa na rufe su har gwiwa, shanun Fulani na ratsawa ta nan. Gimbiya ta mayar da su gidan ubanta. Kullum da hantsi mukan kora awaki mu hau, ni ina tsinkar tafasa, ita tana gangarowa da gudu, ta faɗi ta mirgina, ta tashi ta sake hawa. Na san inda shanu suka bi ba a rasa kaska, don haka duk yamma kafin magariba nakan tsayar da ita in duba ta: bayan gwiwa, hammata, cibiya, bayan kunne. Sau biyu na kama kaska tana yawo ba ta kai ga kafa baki ba. Kan ne kawai ban taɓa ba, tunda na yi alkawari.

Ranar kwana na tara da safe, ta tashi daga tabarma sai ta zube. Na ɗauka wasa ne, har na ce mata ta daina shagwaɓa. Ta sake miƙewa, ƙafafun suka lanƙwashe.

"Goggo, ƙafata ba ta jin magana," in ji ta.

Na taɓa jikinta, babu zazzaɓi. Ba ta kukan ciwo, har kunu ta nema.

Maƙwabcina tsoho Gajere ya leƙo ta kan darni, ya kalle ta, ya girgiza kai.

"Na faɗa miki, Zulai, tsamiyar kan tudun nan ba ta son baƙo. Ki nemo turare."

Gajere mutumin kirki ne, amma ko kaza ta yi tuntuɓe sai ya ɗora wa tsamiyar nan. Ni abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Na taɓa ganin irin wannan tangaɗi a ɗan tunkiyar mahaifinmu, ƙafafun baya suna ja, bakin yana cin abinci lafiya lau. Baba ya kwantar da shi ya bi gashinsa kaf, ya ciro kaska ƙosassa, kwana biyu ɗan tunkiya ya tashi. Na tuɓe yarinyar na duba ta ko'ina, babu komai. Wuri ɗaya ya rage.

Na ɗauko tsinken tsifa, na zaunar da ita tsakanin ƙafafuna. Da na zare ɗankwalin sai ta dafe kai da hannu biyu.

"Goggo, Mama ta ce kar a taɓa!"

"Na ji, uwata. Ni za ta yi wa faɗa, ba ke ba."

Na fara daga goshi. Wadda ta yi kitson nan ta ja shi tamau, kowane ɗaya sai na yi da gaske. Duwatsun na tara su a faifai. Na tsefe gaba, babu. Na tsefe gefen dama, babu. Rabin kai ya tashi buzu-buzu. Na ce a raina, Zulai, kin karya alkawari a banza, ga yarinya ba ta tafiya, ga kai kin lalata. Amma ban tsaya ba.

A ƙeya na sami kaskar, ƙarƙashin wani kitso da ya kwanta, ta sha jini ta kumbura kamar ƙwayar gurjiya.

"A ɗiga mata kananzir!" in ji Gajere. "Ko a kawo ashana."

"Kan 'yar mutane zan sa wa wuta, Baba Gajere? Ba ni hantsakinka."

Ya kwance hantsakin cire ƙaya daga wuyansa ya miƙo. Na kama ta daf da fata, ban matsa cikin ba, ban murɗa ba, na ja a hankali har ta saki da bakinta duka. Na wanke wurin da sabulu, na jefa ta a kwalba, na ƙarasa tsefe sauran don kar a bar wata.

A amalanken jakin Gajere muka je likita. Majo Sadiƙu, babban ma'aikacin wurin, ya ɗaga kwalbar ya duba, ya gwada numfashin yarinyar da ƙafafunta. Ya ce za su riƙe ta su ga yadda za ta kwana, kuma ko bayan an sallame ta, in zazzaɓi ya taso a dawo da ita nan take. Daga nan na kira Nafisa. Ban ɓoye mata komai ba, har tsifar. Sai ta kashe waya.

Washegari da la'asar suka iso, mun riga mun dawo gida. Nafisa ta shigo ko sallamar kirki babu, ta wuce ɗaki ta fara cusa kayan yarinyar a jaka. Na tsaya a bakin ƙofa ina jin kamar kayan cikina take tattarawa. Sai ga Gimbiya ta fito daga bayan rumbu, tana dafa bango, sannan ta saki bangon ta tako har gaban uwarta.

Nafisa ta durƙusa ta rungume ta. Ta daɗe tana shafa kan, ta kai yatsa kan tabon ƙeyar. Maharazu ya miƙa mata kwalbar, ta kalla, ta kau da kai.

"Kwana nawa kaskar nan tana kanta?" ta tambaye ni.

"Allah ne masani. Ban duba kan ba sai jiya."

Na juya na ɗebo musu ruwan sha. Ba ranar cin nasara ba ce.

Sun kwana biyu. A rana ta uku Gimbiya ta nace sai ta nuna wa uwarta tudu. Nafisa ta bi mu da takalmin gari, tana ɗage zane tana hararar ciyawa, amma ta hau har sama. Da muka dawo na tsayar da yarinyar na duba ta, wannan karon har tsakar kai, layi-layi. Nafisa na zaune a kan turmi tana bin hannuna da ido.

"Saura sati uku a koma lakwal," ta ce. "Mu gobe za mu wuce. Ita in ya so babanta ya zo ya ɗauke ta."

Na buɗe baki in yi godiya. Sai ta sauko daga kan turmin, ta zauna a tabarma tsakanin ƙafafuna, ta zare ɗankwalinta.

"Yaya, ni ma duba mini."