Ɗakin Inna a Bakin Inji

Daren jiya na yi wani mafarki, wai ina wurin aiki, sai ka ce wahalar rana ba ta ishe ni ba. Ni ke kula da injin kwaɓa siminti a wani babban kamfanin gine-gine. A mafarkin hayaƙi ya daina tashi sama. Duk wanda tifofinmu da janaretocinmu suka fitar yana kwance a ƙasa har gwiwa, leburori sun naɗe wando suna kutsawa a ciki.

A bakin ofis wani bunsuru da hular kwano yana auna hayaƙin da mudu. In ya cika sai ya shafe bakin da kofato, ya juye a buhu.

Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan fa?"

Ya ce, "Shi ke ɗumama duniya. An sa mana iyaka, mun wuce. Dole a mayar da rarar inda ta fito."

"Daga ina ta fito?"

"Daga gini mana. Ba injinka ribas, ya juya da baya."

Na ba shi ribas. Wallahi sai inji ya shiga haɗiye katanga yana zuƙe hayaƙi, yana tofar da yashi da tsakuwa da ruwa ta baya, kowanne daban. Muka cinye rumfar masu gadi. Muka cinye banɗakin leburori. Bunsuru ya sake awo, ya girgiza gemu.

"Saura na ɗaki guda."

Na nuna masa benen shugaban kamfani, wanda gajimare ke ratse wa hanya. "Ga wancan, ai shi kaɗai ya isa."

"Ba zai shiga bakin inji ba. Mu da abin da ya shiga muke aiki."

Sai ga mu a tsakar gidanmu, har da injin, ban san ta wace ƙofa muka shigo ba. Ga ɗakin da na gina wa mahaifiyata bayan tsohon ɗakinta na ƙasa ya rufta da damina. Ni na jera bulon, ni na yi filasta da hannuna. Inna tana bakin murhu za ta dama koko.

"Ɗanliti, baƙi ka kawo ba ka faɗa ba?"

"Inna, hayaƙi suka zo ragewa."

Ta dubi murhunta. "Ayya, nawa ne ya dame su? Ku yi haƙuri bayin Allah, itacen ɗanye ne." Ta ɗebi ruwa ta kashe wutar.

Raina ya ɓaci. "Haba Inna, me murhunki ya yi wa duniya?"

Bunsuru ya tara mudu. Hayaƙin murhun ko gindin mudun bai rufe ba. Ya ce, "Bai kai ba. A kawo ɗakin."

Na ce ba na yi, a kore ni.

Ya ce, "To, ka bar shi." Ya kwance bakin buhunan. Hayaƙin kamfani ya malalo tsakar gida, ya kai wa Inna ƙugu, ya kai ƙirji. Ta fara tari tana riƙe bango, tana cewa ba komai, kada na ɓata da manyana.

Na kunna injin.

Ya fara da bangon gabas, sannan taga, sannan rufi. Hayaƙi ya janye. Ƙofa kaɗai ta rage a tsaye, don ita ta katako ce. Inna ta zagaya ta shiga ta ƙofar, ta zauna a bakin gadonta a tsakiyar rana, numfashinta ya dawo daidai.

"Allah ya yi maka albarka. Ja mini ƙofar nan, kada iska ta shigo."

Na ja ƙofar ina kuka kamar yaro.

Hon ɗin tifar da ke ɗaukarmu zuwa aiki ne ya tashe ni. Na fito tsakar gida ko takalmi babu. Ɗakin yana nan, ko tsaga bai yi ba, da kwaɗo a ƙofa tun ranar da muka kai Inna makwancinta. Wayyo, da ma ɗakin aka ɗauka aka bar mini ita. Direba yana ta danna hon a waje.