Shafi na Bakwai

"Kin cika mai, Fuensanta. Ba soya kifi za ki yi ba."

Fuensanta ta matse tsumman, ta harare shi. Shekara arba'in suna maƙwabtaka, tana mitar warin man nan da ke hawowa daga shagonsa, yau ga shi ita ke shafa shi a wuyan jita, Anselmo na kwance yana ba da umarni. An sauko masa da gado cikin shagon tun da matakala ta gagare shi.

Jita ɗari huɗu ya ƙera a Granada, bai taɓa ajiye wa kansa ko ɗaya ba. Wannan ce tasa, kuma burinsa ya kaɗa ta ko sau ɗaya. Likita ya ce kwanaki suka rage. Shi kuwa ya kafe sai an yi shafi bakwai, kowanne ya bushe ƙayau kafin na gaba, sannan a bi da soson ƙarfe a kashe ƙyallin.

"Mu sha wannan wahala, kuma mu goge ƙyallin?"

"Ƙyalli na 'yan kallo ne. Mai kaɗawa kuwa, kama masa hannu yake yi."

"Uku ma sun isa. Ka ɗaura tsirkiya ka kaɗa abarka."

"Haka kike yi wa miyarki, shi ya sa marigayi mijinki ya rame."

Ta gaji. Gwiwoyinta na ciwo, ga jinya, ga ruwan Nuwamba da ya ƙi ɗaukewa. Danshi ya sa mai ya ƙi bushewa, shafin kwana ɗaya ya koma cin kwana uku. Shi kuma kullum raguwa yake, miyar tafarnuwa ma cokali biyu yake sha ya kau da kai.

Ranar Laraba da hantsi ta ji numfashinsa ya sauya. Jiya-jiya ta yi shafi na bakwai. Ta taɓa gefen katakon, ta ji danƙo. Tsoro ya kama ta, ta yi masa ƙarya.

"Ya bushe, Anselmo. Bari in goge in ɗaura tsirkiya."

"Kawo in ji."

Ta ɗora masa a ƙirji. Ya laluba bayan wuyan, ya danna babban yatsa inda makaɗa ke dafawa. Da ya ɗaga, yatsan ya ɗan manne.

"Maƙaryaciya," ya ce, yana murmushi. "Sai jibi."

"Ba ka da jibi, tsohon banza."

"Ita tana da shi."

Bai kai la'asar ba. Fadan coci ya zo ya tafi, 'yarsa ta iso daga Malaga tana kuka, aka kai shi ranar Alhamis cikin yayyafi.

Ran Juma'a Fuensanta ta buɗe shagon ita kaɗai. Mai ya bushe. Da ta juya wuyan wajen taga, sai ga shatin yatsansa ya daskare a ciki, har zanen fatar ana gani. Da yana nan da ya ce aibi ne, a goge.

Ta zauna a bakin gadon da aka yaye wa zani, ta ɗauki soson ƙarfe, ta bi tsawon katakon a hankali, sama da ƙasa, har ƙyallin ya dusashe. Da ta zo wajen shatin yatsan sai ta kewaye shi. Ta jingina jitar da bango, ba tsirkiya, ɗan wurin nan kaɗai yana sheƙi.