Zanin Zumunta na Mama

"Ba shi ba ne," in ji Magdalene, ta tura atamfar gefe. Shago na bakwai ke nan tun da motar Manchok ta sauke ta a Kafanchan, ga rana ta take tsaka.

A hannunta akwai ɗan ƙyalle, faɗin yatsa biyu, wanda ta yanko daga bakin zanin Mama, surukarta. Jiya Mama ta ba ta zanin zumuntar mata ta goge mata, domin gobe Lahadi bikin godiyar kaka ne, kuma Mama ce ke jan layin mata zuwa cikin coci. Garwashi ɗaya ya faɗo daga dutsen guga, kafin ta ankara ya yi rami kamar bakin kofi, a baya kuma, inda kowa zai gani. Ta cusa zanin ƙarƙashin katifa, da safe ta ce wa mijinta Obadiah haƙori ke damunta, za ta asibiti. Dabararta ta sayo irinsa sak, ta musanya, shiru kake ji.

Shekara uku ke nan Mama na bin ta ta shiga zumunta, ita kuwa malamar makaranta, kullum tana fakewa da gyaran littattafan yara. Yanzu a ce ita ce ta ƙona zanin? Ai matan garin sai sun rantse da gangan ta yi. Tsoro ya hana ta ko shan ruwa.

Kasuwar kuwa ba ta san tana sauri ba. Tun da kuɗin Udoji, ƙarin albashin ma'aikatan gwamnati, ya sauka kowa ya zama mai saye. Ta kutsa layin masu rediyo, kowane shago da tashar da ya kama. Ta faɗa layin 'yan citta, yaji ya sa ta atishawa har hawaye. Ta kewaye matan Fulani da ƙoren nononsu, ta kusa cin karo da sabon keke da ko takardarsa ba a cire ba. Can tasha jirgin ƙasa ya yi kuka, ta ƙara sauri, don motar ƙarshe ƙarfe huɗu take tashi.

Shago na takwas, na tara. Kowa ya dubi ƙyallen, shuɗi mai haske da zanen ƙararrawa fari-fari, sai ya ce, "Madam, ki gwada wurin Malam Jibir." Wurin Jibir kuwa ta fara zuwa da safe. Nasa shuɗi ne mai duhu, ƙararrawar rawaya shar, har ta ce masa ko makaho ba zai haɗa su ba.

A layin teloli ƙafafunta suka gaji, ta zauna kan bencin wani tsoho, Baba Andrawus, ba ta ko nemi izini ba.

"'Yata, wa ya mutu?"

Ta miƙa masa ƙyallen, ta faɗa masa komai. Ya gyara tabarau, ya sa reza ya warware kalmasar bakin. Cikin ninkin, inda rana da sabulu ba su taɓa kaiwa ba, shuɗi ne mai duhu, da gefen ƙararrawa rawaya.

"Shekara nawa Maman taki take wanke wannan zani?"

"Goma sha biyu, Baba."

Ya yi dariya har da tari. "Tun safe kina neman tsohon zani a shagon sabo. Ki koma wurin Jibir, ki ba shi haƙuri."

Da gudu ta koma. Malam Jibir ya yanka, ya naɗe, ya ce a gaida makahon. Ta sami motar tana shirin tashi.

A hanya ta buɗe ƙunshin, zuciyarta ta karye. Zanin ƙyalli yake, yana ƙamshin shago. Ko yaron goye ba za a ruɗa da shi ba.

Kafin faɗuwar rana ta isa gida. Mama na zaune a ƙofar ɗaki, tsohon zanin a cinyarta, tana lallaɓa ramin da allura.

"Yaya haƙori?"

Magdalene ta durƙusa, ta ajiye ƙunshin a gabanta. "Mama, ki yafe mini. Na sayo miki sabo."

Mama ta ɗaga sabon, ta shafa, ta mayar mata. "Ni da wannan muka fara zumunta a garin nan, da shi zan shiga gobe. Sabon zani na sabon memba ne." Ta ciji zaren ta tsinke. "Facin nan bai ɓoyu ba. Gobe ki ɗaura naki, ki tsaya a bayana daf, ki rufe mini shi."