Ƙayar Kifi

Shekara da shekaru Haladu yana zanen huluna a rumfarsa ta kasuwar Haɗeja. Shi zai ja zane da biro a kan farin yadi, matan unguwa su bi da zare da allura. Zanen da ya fito da sunansa shi ne Ƙayar Kifi. Ya ƙirƙiro shi ne shekarar da ambaliya ta cinye masa gonar shinkafa a Guri, ya zauna ba abin yi sai kallon ƙayar tarwaɗa a kwano.

Bana wani ɗan kasuwa ya ɗauki hoton hular a waya, ya kai wa masu ɗinkin kwamfuta. Kafin salla Ƙayar Kifi ta cika gari, arha kamar banza.

Haladu ya haɗiye takaicinsa. Ai inji bai taɓa asarar gona ba, in ji shi, masu ido za su gane.

Ranar kasuwa wani ango daga Jahun ya ɗaga hular hannu a rumfar, ya jujjuya ta, ya taɓe baki.

"Haba Baba, da girmanka? Kai ma ka koma satar zanen kwamfuta? Kuma ko daidai ba ka kwaikwaya ba."