Idon Dama na Nicanor

Tun turmi na tara Casimiro ya daina kallon damben, ya koma kallon ido ɗaya tak: idon dama na ƙaninsa Nicanor, wanda ke ta kumbura kamar gwaiba. Casimiro ne mai kula da shi a kusurwa tsakanin turmi da turmi. Rana ta take a filin wasan bijimai na Maracaibo, jama'a sai ihu suke, don Nicanor na gab da ƙwace kambun duniya daga hannun wani Ba'amurke. A wancan zamanin turmi goma sha biyar ake yi, ba ragi.

Duk filin nan Casimiro kaɗai ya san idon hagun Nicanor ya mutu shekara biyu da suka wuce. Shi da kansa ya kwafo haruffan allon gwajin ido na likita, ya sa ƙanin ya haddace su har ya tsallake gwaji. Lokacin har dariya suka yi, wai sun yi wayo. Wayon banza! Yau tsoro ne ya cika masa ciki.

Aka kaɗa ƙararrawar ƙarshen turmi na sha biyu. Nicanor ya lalubo kujera ya zauna.

"Yaya, ciro rezar ka tsaga."

Haka ake yi: a tsaga kumburin, jini ya fita, ido ya buɗe. Casimiro ya yi wa 'yan dambe da yawa, amma masu ido biyu. Rezar ta suɓuce masa ta faɗa cikin bokiti, ya hau laluben ta a cikin ruwa.

"Kai, tsoho, kaɗa ƙwai kake yi? Turmi uku suka rage!"

"Yatsu nawa na ɗaga?" in ji Casimiro.

"Biyu."

Ko ɗaya bai ɗaga ba. Ya kai hannu kan tawul ɗin da ke kafaɗarsa.

"Ka jefa tawul ɗin nan a tsayar da wasa, ni da kai har abada," in ji Nicanor.

Ƙararrawa ta sake kaɗawa. Nicanor ya miƙe, ya dunƙule hannu, ya nufi alƙalin wasa. 'Yan kallo suka fashe da dariya, sun ɗauka raha yake. Ba'amurken ya zagayo ta dama, ya saita idon.

Wayyo! Casimiro bai san lokacin da tawul ya bar hannunsa ba. Alƙali ya faɗa tsakani, filin ya rikice da zagi, kwalabe suka fara sauka. Nicanor kuwa na tsaye yana ta naushin iska, sai da yayan ya hau ya rungumo shi ta baya.

"Yaya, kai ne? Ihun me suke yi? Ya faɗi ko?"

Casimiro ya ƙara ƙanƙame shi. Tawul ɗin na nan yashe a kan takalmin Nicanor, fari fat, rana na dukansa.

"Yaya, yi magana mana," in ji Nicanor, yana murmushi da fasasshen leɓe. "Wa ya kashe fitilun?"